Gayyatar da ta sa injiniya ɗaukar kujeru

Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, na ɗaura ɗamarar farfaɗo da Ingilishin da na baro a kwaleji. Ana cikin haka Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da wani injiniya ɗan Gana a unguwar Yantala, nan Yamai, mutum mai fara'a wanda Faransancinsa bai wuce na sayen burodi ba.

Mu ƴan lakwal, wato waɗanda muka yi boko da Faransanci, Ingilishinmu a kan Faransanci aka ɗora shi, saboda haka jimla takan fito da nahawunta cif, amma mai harshen ya ji ta bambaraƙwai. Da auren ɗiyata ya matso, sai na shirya gayyata a raina, na ɗauko kalmomi biyu da a Faransanci suke nufin roƙo da halarta, na ƙwanƙwasa masa ƙofa na ce: "I demand you to assist my daughter's marriage." A kunnensa kuwa, umarni na ba shi ya zo ya yi aiki. Ya dube ni shiru, sannan ya amsa da ladabi irin na soja.

Ranar Asabar, ana idar da sallar asuba, sai ga shi cikin kayan aiki da takalmin ƙarfe. Kafin in gama ɗaura rawani ya kafa rumfa, ya jera kujeru layi-layi har da awo, kamar mai shirin zuba kankare, ya kuma karɓi tiren goro da dabino yana bin manyan baƙi. Kawun ango, wanda ya sha shadda tana ƙyalli, ya yafito shi ya aike shi ruwan sanyi, da ya kawo kuma ya danƙa masa dala ɗari.

Uwargida ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, wa ya sa baƙon mutane wannan bauta?"

Da yamma, yana matsa ƙugu yana dariya, injiniyan ya gaya mini abin da mutane suke faɗa ba ya wuce "Please come to my daughter's wedding." Muna cikin maganar kawun ango ya dawo neman lambar wayar yaron nan mai himma, wai yana da suna mako mai zuwa.