Ba Netflix ake yi wa sata a Damagaram ba

Tun da Netflix ya sake ƙara kuɗin wata a Najeriya a 2025, babban tsarinsa ya tashi daga naira 7,000 zuwa 8,500, wata magana ta cika zaurukan WhatsApp na matasanmu: wai tunda kamfanoni sun tsawwala, kwasar fim kyauta ta halatta. Wasu har da ɗaga hanci, suna cewa ramuwar talaka ce a kan Bature. Maganar nan tana ɓata mini rai, domin ƙarya ce aka naɗa mata rawani.

Tsadar kam akwai ta. A 2024 sau biyu kamfanin ya yi ƙari a Najeriya, kuma tun 2023 ya fara toshe aron lambar sirri. Ga Canal+ ya haɗiye MultiChoice mai DStv, mai nuna wa masu Faransanci ƙwallo da mai nuna wa masu Ingilishi sun koma gida ɗaya. A Nijar, ƙasar da mafi ƙarancin albashi jika 42 ne na sefa, ga kuɗin data, ga wuta yau akwai gobe babu, ba wanda zai ce magidanci ya rage cefane don kallo.

To amma mutum nawa ne a Zinder suka taɓa biyan Netflix, balle ƙarin ya shafe su? Yawancinmu ko katin bankin da ake biya da shi ba mu da shi. Je ka tsaya bakin shagon masu tura fim da waƙa a waya a gefen kasuwar Dole da la'asar. Yaro zai miƙa waya ko memori da 'yan dalolinsa, mai shago ya jona a kwamfuta yana tambaya, "A kashi na nawa ka tsaya?" Abin da ake loda masa fim ɗin Kano ne, da fassarar Indiya, da waƙoƙin yaranmu na nan Damagaram da Maraɗi. Kafin isha'i Xender, manhajar tura abu daga waya zuwa waya, ya kai shi gida goma.

Wanda aka cuta Hausa yake ji. Furodusa ne da ya ci bashi ya ɗauki fim, mawaƙi ne da ya tara kuɗin kabu-kabu ya biya situdiyo. Kasuwar faifai da ta riƙe Kannywood shekara da shekaru a idonmu ta mutu, shi ya sa masu fim suka koma YouTube suna jan labari kashi-kashi don ɗan abin da talla ke kawowa. Can ma ba a bar su ba. Mutum ɗaya ya sauke, ɗari su kalla, YouTube ya ƙirga kallo ɗaya ya biya na ɗaya. Sai mu zauna muna ƙorafin fina-finanmu sun lalace, hoto ba kyau, labari ba ya ƙarewa. Da me za a gyara?

Masu cewa a turo 'yan sanda a rufe shagunan ba su san garin nan ba. Sana'ar tana ciyar da gidaje, kuma wayar da ke aljihu ba ta da ƙofar da za a garƙame.

Mutanenmu ai suna biya, kullum suna biya, kuɗin ne ke tsayawa a aljihun mai turawa. Hukumar haƙƙin mallaka ta BNDA da ƙungiyoyin masu fim su zauna da masu shagunan nan, a ba su lasisi su zama dillalai, kowane fim a yanke kason mai shi a tura masa ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Airtel Money. A fara da mawaƙan Damagaram, tunda su suna nan kusa, ana iya kiran su taro gobe.