Kafin ka zagi kamfanin da ya rufe maka shafi

Ƙannena masu buɗe shafukan intanet, ku matso mu yi magana. Makon jiya wani yaro mai sayar da shadda da huluna a Sabon Gari ya same ni ransa a ɓace, yana miƙo min waya. Shafinsa ya ƙi buɗewa tun ranar 19 ga wata, ba abin da ke fitowa sai farin allo da lamba 509, wato alamar cewa shafin ya cinye rabon datar da aka yanka masa na wata. Wai kamfanin da ya kama wa shafin hayar masauki a wurinsu ɓarayi ne. Na ce, "Zauna tukuna, ƙanena. Sharuɗɗan da ka amince da su ranar biyan kuɗi, ka karanta?" Sai ya hau sosa ƙeya.

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Samaru ya san rigimar tankin ruwa. Ɗaki goma sha biyu, tanki ɗaya. Mutum guda ya tashi da asuba ya wanke barguna da darduma, sauran sai sun tare mai kura kafin su yi alwala. Ɗan kuɗin da kake biya a shekara bai saya maka kwamfuta sukutum ba. Ɗaki aka ba ka a cikin saba ɗaya, wato babbar kwamfutar kamfanin, wadda ɗaruruwan shafuka ke zaune a kanta, kuma ta hanya ɗaya bayanansu ke fita. In ba a yanka wa kowa rabonsa na wata ba, shafin mutum ɗaya zai cushe hanyar, na maƙwabtansa su koma tafiyar hawainiya.

Shi ma kamfanin saye yake yi. Yana biyan masu manyan layuka, irin igiyoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, MainOne a 2010, Equiano a 2022. Ga wuta, ga dizal, ga na'urar sanyaya ɗaki da ba a kashewa dare da rana. Wanda ya tuna Maris na 2024, da igiyoyin suka samu matsala har aikin bankuna ya riƙa tsayawa, ya san abin nan ba daga iska yake zuwa ba.

Na ɗauki biro muka yi lissafi da yaron. Gigabayit 10 aka ba shi a wata. Kowane hoto yadda ya fito daga waya haka ya ɗora shi, megabayit 4, kuma guda goma ya jera a shafin farko. Kenan duk baƙon da ya leƙo ya kwashi megabayit 40. Mutum 250 sun cinye rabon wata, ko hula ɗaya ba su saya ba! Da ya matse hotunan zuwa kilobayit 200 kowanne, rabon nan zai ɗauki mutum 5,000, kuma ido ba zai ga bambanci a waya ba. Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu ziyarar, da aka ƙone musu datar da suka saya da guminsu.

Don Allah ku daina ɗora bidiyo da dogon sauti kai tsaye a kan shafi. Ku kai YouTube, ku jawo mahaɗin. Ku riƙa leƙa cPanel, wato allon kula da shafi da kamfanin ke ba ku, ko sau ɗaya a mako, akwai wurin da yake nuna abin da aka ci. Wani lokacin ma ba mutane ba ne, manhajoji ne masu yawo suna kwasar shafuka, ko wani ya jingina hotonku a nasa shafin kuna biya masa. Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin shafi da baƙinsa, na da tsarin kyauta da ke rage wannan nauyi sosai.

Masu tallan "ba iyaka" kuma, ku karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Iyakar tana nan, sunanta kawai aka sauya zuwa amfani daidai misali, kuma su ne ke yanke hukuncin ranar da ka wuce gona da iri.

Yaron dai ya zaɓi ya jira ɗaya ga wata a sabunta masa rabo maimakon ya ƙara kuɗi. Na baro shi a shago yana matse hotunan huluna ɗaya bayan ɗaya.