Dan Allah ku bar kai wa wanda aka cire wa haƙori koko mai tururi

Jama'ar Zango, maganar nan ta daɗe tana ci min rai. A cire wa mutum haƙorin hankali, wancan na can ƙurya mai fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, ya dawo gida da auduga a baki kumatu a kumbure, kafin ya zauna Hajiya ta aiki yaro bakin titi ya sawo koko da ƙosai, wai ai ruwa-ruwa ne zai wuce. Ƙauna ce wallahi na sani, amma kokonmu na Aboabo fa citta ce da barkono da kanumfari, ga shi yana tururi.

Jini ne ke daskarewa cikin ramin ya rufe ƙashi har nama ya tofo. Zafi na iya sake ɓallo jinin, in kuma gudan nan ya fita, cikin kwana 2 zuwa 4 ciwo zai taso har cikin kunne, baki na wari, ko parasitamol ba ya kwantar da shi sai an koma wurin likita.

Abin da ya fi damuna ma fiya wata ne. Mu nan cizon leda muke mu tsotsa, FanYogo ma haka, kuma tsotson nan na iya janyo gudan jinin waje. A juye a kofi a kurɓa a hankali, shi ke nan. Sigari da shisha kuwa kar a ma kusance su.

Ba sai an je sifamaket ba, abincinmu ya isa. A dama koko a gida ba yaji, ko tom brown, a bar shi ya huce. Tuwo mai laushi da miyar ayoyo ko kuɓewa, dama shi ba tauna yake so ba, loma ƙarama a haɗiye. Mpotompoto, ƙwai, ayaba, paya, gwanda nunanniya, kifin da aka zare wa ƙaya, duk a ci ta ɗaya ɓarin. Mashke ma lafiya lau in ba a watsa gyaɗa ba. Burkina ce dai nake tsoro duk da sanyinta, ƙwayoyin geron nan suna shigewa ramin su maƙale, sai ka ga mutum na saka tsinke yana tono. Waakye da gari da shito, cincinga, ƙuli-ƙuli, goron Baba, su jira kamar sati.

Masu cewa a zauna da yunwa gudun ciwo kuma ban yarda da su ba, jiki da me zai gyara wurin? Ga ibuprofen ba a so a sha shi ciki ba komai. Ranar farko ba kurkure baki ba tofar da yawu da ƙarfi, ko alwala za a yi a bi wurin a hankali. Bayan awa 24 sai ruwan ɗumi da gishiri rabin ƙaramin cokali a kofi bayan kowane cin abinci, a karkata kai ruwan ya zubo da kansa.