Ƙarfi da batiri ne suka jawo wa BMW M5 nauyi

Wani marubuci ya yi mamakin yadda sabuwar BMW M5 ta 2024 ta haura kilo 2,400, alhali 'yar uwarta 5 Series ta yau da kullum ba ta kai haka ba. Ni bakanike ne a Panteka nan Kaduna, kuma abin bai ba ni mamaki ba ko kaɗan.

Injinta mai silinda 8 ne, lita 4.4, da turbo biyu, wato na'urar da ke cusa iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi. Irin wannan inji zafi gare shi, dole a ƙara lagireto da bututun ruwa da na mai. Sai birki: motar da ke da ƙarfin dawaki sama da 700 ba ƙaramin faifai ne zai tsayar da ita ba. Na taɓa ciro faifan gaba na tsohuwar M5, wallahi sai da yarona ya kama mini muka sauke shi ƙasa. Ga faffaɗan tayoyi, ga ƙarafan da ke kai ƙarfi ƙafafu huɗu.

Amma babban mai laifi batirin lantarki ne da aka ƙara mata saboda dokokin hayaƙi na Turai. Abin da ke damuna ke nan, domin a ramukan titunanmu tayoyi da shokazoba ne za su ɗauki wannan nauyi.