Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Ranar Talata da misalin ƙarfe 9 na safe na tsaya a ƙofar ɗakin kwamfuta na kwalejinmu, da filash a hannu, da babi na biyu na furojet ɗina wanda ya maƙale mini mako uku saboda rashin abin karantawa. Ƙofa a rufe, amma sanyi na fitowa ta ƙasanta, kuma ana ta dariya a ciki. Na ƙwanƙwasa. Mai kula da ɗakin ya leƙo da kai kawai ya ce, "Ƙanwata, yau babu netwok, ki dawo gobe." Ta saman kafaɗarsa na hango malamai uku sun miƙe ƙafafu, an haska majigi a bango, wasan ƙwallon da aka buga a Ingila daren jiya suke sake kallo. Babu netwok, amma ƙwallo na gudu ko tsayawa ba ta yi. Na ce masa to Allah ya kai mu, na juya, raina kamar ya fashe.

Shekarata ta uku ke nan a NCE. Rasit uku ne a jakata, kowanne da layin da aka rubuta kuɗin ICT, wato na kwamfuta da intanet. Ba a tambayar ka ko kana so, idan ba ka biya ba rajista ba ta wucewa. Na bana sai da Baba ya fitar da waken da ya ajiye don damina ya kai kasuwa kafin kuɗin suka cika. A shekara ukun nan sau huɗu na zauna a gaban kwamfutar ɗakin, biyu daga ciki jarrabawa ce ta kai ni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma kada wani ya ce mini gwamnati ce ba ta kawo ba. Ta kawo. Ga allon TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, nan a jikin ginin kowa na gani. Asusun nan da dokar 2011 ta kafa, harajin da ake cira daga ribar kamfanoni ne ke cika shi, kashi 2 cikin 100 da farko, a 2023 aka kai shi kashi 3. An yanki kuɗin jama'a da sunan karatunmu, an sayo kaya, an kafa sola, an ja intanet. Kayan sun iso har cikin makaranta. A hannun waɗanda aka ba wa makulli abin ya tsaya.

Mu fara da Wi-Fi. Sunansa na fitowa a wayar kowa da zarar ka shigo harabar makaranta, sanduna cike, sai ka ce gwalo yake maka. Kalmar sirrin kuwa ta zama kamar laƙanin gado. Malamai na da ita, matansu na da ita, yaron da ke wanke wa wani Dakta mota yana da ita, na gan shi da idona yana kallon TikTok a gindin darbejiya. Ɗalibi bai da ita. Idan ta kuskura ta fita ta zo hannunmu, kafin la'asar an canza. Dalilin da ake bayarwa wai mu ne za mu cinye sabis da shirme. Wallahi abin dariya abin haushi. Intanet kamar bututun famfo yake, ruwan da ke zuwa ƙayyadadde ne, idan mutum ɗaya ya buɗe nasa bakin har ƙarshe yana sauke fina-finan Indiya zubi bayan zubi, na ƙarshen layi ɗigo zai gani. Wata ƙawata da ta yi aikin sa-kai a ɗakin ta ce akwai kwamfutar da ake barin ta kunne tun Juma'a har Litinin, ba abin da take yi sai sauke fim. Shi ya sa ko ranar da aka yi mana alfarma aka buɗe, shafi ɗaya sai ya yi ta juyawa har ka manta abin da ka zo nema.

A 2024, lokacin da zazzaɓin maining, wato neman kuɗin kirifto a waya, ya kama Arewa, kowa na danna waya yana jiran manhajar Hamster ta fashe, ɗakin nan ya koma sansani. Malamin da ke korar ɗalibi daga aji idan ya ga waya a hannunsa, shi ne zaune da wayoyi huɗu a jere, duk a jikin soket ɗin sola, duk a kan Wi-Fi ɗinmu. Mu da muka biya muna waje a rana muna leƙe ta taga.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne firinta. Babbar firinta ce mai fotokwafi, da takardu kwali-kwali da makaranta ta sayo. Je ka ce za ka buga shafi biyu na aikin gida, za a ce tawada ta ƙare. Tawadar ba ta ƙarewa idan lokacin handawut ya yi. Da injin makaranta, da takardar makaranta, da wutar makaranta ake buga shi, sannan a miƙa wa wakilin aji ya sayar mana, a rubuta sunan wanda ya saya. Kowa ya san ma'anar rubuta sunan. Wato na biya kuɗin injin a rajista, na dawo na sayi abin da ya haifa, kuma idan ban saya ba makina na cikin haɗari. Ko ɗan kasuwar da ya fi kowa son riba yana sa jarinsa kafin ya ci. Nan jarin nawa ne, ribar ta Malam. Har katin ɗaurin aure na gani an bugo a wurin, da takardun neman kwangila na wani da ko a makarantar ba ya aiki.

Laftof-laftof kuwa labarinsu daban. Ranar da aka kawo su an yi taro, an ɗauki hoto, an yi jawabi kan zamanin fasaha. Bayan zango ɗaya tebura suka koma fayau, sai wayoyin caja a kwance kamar an yi shara. An ce malamai sun ara don bincike. Maƙwabciyarmu a unguwa mijinta malami ne a kwalejin, na shiga gidan barka na tarar da yaransu sun kewaye ɗaya suna kallon katun, lambar makaranta da aka rubuta da farin fenti tana nan a murfin. Ban ce komai ba, na yi barka na fito. Abin mamaki, da aka ji masu tantance kwasa-kwasai na NCCE, hukumar kula da kwalejojin ilimi, za su zo daga Abuja, cikin dare ɗaya kayan suka dawo. Aka goge ƙura, aka jera, aka zaɓo mu aka zaunar a gabansu muna taɓa madannai kamar kullum nan muke wuni. Baƙi suka yaba suka tafi. Kwana uku bayan nan tebura suka sake komawa yadda suke. Mu ma an yi amfani da mu a ƙaryar, wannan ne nake kwana da shi.

Na san amsar da za a ba ni, an sha ba ni ita: albashin malami bai kai wata, ga iyali, ga tsadar rayuwa. Ban musa ba. Akwai malaminmu guda, Allah ya saka masa, da ke kunna mana data daga wayarsa a aji, da kuɗin aljihunsa, don mu ga abin da yake koyarwa. Shi ma albashin nan yake karɓa. To talaucin malami ya zama hujjar cin haƙƙin wanda ya fi shi talauci? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu shagunan buga takardu na bakin get suka ninka farashi, don da janareta suke aiki, ba laifinsu ba ne. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Duk wannan a kan ɗalibi yake sauka. Namiji ma yana iya zama a kafen intanet har dare, lokacin da layi ya ragu. Ni dole magariba ta same ni a gida. Awoyin rana kaɗai nake da su, kuma su ne awoyin da ake kallon ƙwallo.

A tuna fa mu waye. Malaman firamare ake shirya mu mu zama. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, jarrabawar shaidar malanta ta TRCN ma a kwamfuta ake yin ta. A ajinmu akwai waɗanda har yau hannunsu rawa yake idan suka kama linzami, sun haddace ma'anar kwamfuta da sassanta daga handawut, sun ci jarrabawa, ba su taɓa buɗe fayil sun adana ba. Gobe su za a tura ƙauye su koyar da yara.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar makaranta ba za ta ce ba ta sani ba, ofisoshinsu na kallon ginin. Kuma gyaran ba ya buƙatar sabon kasafi. A ba kowa, malami da ɗalibi, damar shiga da lambarsa, a ƙayyade masa abin da zai ci a rana, na'urar da kanta za ta nuna wanda ya sauke fim. A manna jadawalin buɗe ɗaki a ƙofa. A buɗe littafin aro, duk wanda ya fita da laftof ya sa hannu da ranar dawowa. Mai kula da ɗakin ya san yadda ake duk wannan, ƙaramin ma'aikaci ne kawai, ba zai iya ce wa Dakta tashi ba.

Mun je wurin shugabannin ƙungiyar ɗalibai, suka ce mu rubuto takarda da sunaye da lambobinmu. Mutum 60 suka ce suna tare da mu. Da takarda ta zo, 7 suka sa hannu, sauran suka tuna wa ke riƙe da makinsu. Ban ga laifinsu ba, kariyoba ɗaya, wato maimaita kwas ɗin da ka faɗi, shekara ce da kuɗin rajista, har da wani kuɗin ICT ɗin.

Laraba na koma kamar yadda aka ce. Ƙofa a rufe, an ce ana taron sashe a ciki. Mai duba furojet ɗina ya ce Juma'a yake son babi na biyu, a buge, kwafi biyu. Yana cikin ukun da na gani ranar Talata.