Tsakanin "farantin ya fashe" da "na fasa farantin"

A wata na biyu da fara aikin wucin gadi a wani gidan abinci a Saitama ta ƙasar Japan, faranti ya suɓuce daga hannuna ya tarwatse a ƙasa. Wanke-wanke nake yi, awa huɗu kowane dare bayan na taso daga makaranta, domin doka ba ta bar ɗalibi baƙo ya wuce awa 28 yana aiki a mako ba. Mai gidan ya leƙo, ni kuma na faɗi abin da kowane Bahaushe zai faɗa: farantin ya fashe. Da Japananci, sara ga waremashita. Babu kuskure ko ɗaya a jimlar. Amma na ga fuskar mutumin ta sauya, bai ce uffan ba ya juya abinsa. Wata dattijuwa da muke aiki tare, wadda a haife ta haife ni, ta bari sai da muka fita zubar da shara sannan ta ce da ni a hankali, a nan faranti ba ya fasa kansa, watte shimaimashita ake cewa, wato na fasa shi.

Tun daga daren nan wannan 'yar kalma, shimau, wadda ita ce tushen shimaimashita, ta tsaya mini a rai, shekaru ke nan.

Asalinta aikatau ce mai zaman kanta. Idan ka adana kaya a akwati ka rufe, ko mai kanti ya kulle kantinsa ya tashi, shimau ake cewa. Sai Japanawa suka ɗauko ta suna jona ta a bayan wata aikatau wadda ta ƙare da te ko de. Taberu shi ne ci, tabete shimatta kuwa an ci an gama, babu saura. A hirar yau da kullum ba a ja ta da tsawo, te shimau ya koma cau, de shimau ya koma jau (na rubuta da c ɗinmu ta Hausa, su ch suke sa wa idan za su rubuta da boko). Shi ya sa a jirgin ƙasa za ka ji yarinya tana cewa wasurecatta, wato kash, na manta, ko nonjatta, na shanye. Mutanen Osaka da kewaye nasu salon daban ne, te mota za ka ji a bakinsu. Idan kuma mutum ya tuna ya baro makulli a gida yana tsakar hanya, kalmar ita kaɗai yake furtawa: shimatta! Daidai da kash ɗinmu.

A aji, lokacin da muke shirin jarrabawar ƙwarewa a harshen, wadda ake yi a watan Yuli da Disamba, raba mana abin aka yi gida biyu. Aka ce ma'ana ta farko kammalawa, ta biyu nadama ko abin da ya faru ba da niyya ba, a haddace. Duk bayanin da Turanci aka yi shi, kuma na ga yadda ɗaliban da Turanci ne harshensu suke ta fama, suna tambayar yaya za su gane wacce ake nufi. Ni ma na bi su ina fama, har ranar da na daina bi ta Turanci na koma gida.

Ai muna da abin nan. Ci da cinye. Sha da shanye. Saya da saye. Idan uwa ta dawo daga unguwa ta buɗe tukunya ta ce "yaran nan sun cinye tuwon", wa zai tsaya tambayarta ko kammalawa take nufi ko takaici? Duka biyun ne, kuma abu ɗaya ne. Tuwon ya ƙare, ba ya dawowa. In an so a ƙare shi, sai a ce madalla. In ba a so ba, sai a ce kash. Masanin nan na Ingila F. W. Parsons, wanda ya tsara aikatan Hausa aji-aji a 1960, aji na huɗu ya sa waɗannan masu ƙarewa da e. Duba abin da ke cikin ajin: ɓace, ƙone, zube, karye, fashe, kuɓuce, ƙwace. Rabinsu labarin asara ne. Kunnen Bahaushe ya saba tun yana goye da cewa ƙarewar abu da ɓacin rai gida ɗaya suke kwana.

Har abin da ya fi ƙarfin mutum haka ne. Su ce waratte shimatta, mu ce dariya ta ƙwace mini. Su ce naite shimatta, mu ce kuka ya kuɓuce mini. Su ce itte shimatta idan maganar da bai kamata ta fito ba ta fito, mu ce suɓutar baki. Ranar da na jera waɗannan a littafina, sai na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a tashar jirgin ƙasa ta Omiya a Saitama.

To amma a nan ne hanya ta rabu, kuma nan ne farantina ya shigo. Lura da jimlolinmu: dariya ce ta ƙwace, baki ne ya suɓuce, kuɗi ne suka ɓace, mota ce ta lalace. Mai abin yana gefe, abin ne ya yi kansa. Bajapane yana da irin wannan jimla shi ma, wareru na abin da ya fashe da kansa, waru na wanda aka fasa. Sai dai idan abin a hannunka ya faru, musamman kayan wani, ana sa ran ka ɗauki waru, ka sa kanka a matsayin mai aikatawa, sannan ka ɗaura shimau a baya. Da numfashi ɗaya ka faɗi abu uku: ni na yi, ba da gangan ba, kuma ya dame ni. Mu sai mun kawo jimla uku kafin mu faɗi wannan, kuma gaskiya sau da yawa ta farkon ce muke tsallakewa.

Ra'ayina, a wannan gaɓa sun fi mu. Na san nawa aka yi rigima a gidajenmu da kasuwanninmu ba don abin da ya lalace ba, sai don wanda ya lalata ya ƙi cewa shi ne. Ka ba mutum aron babur, ya dawo ya ce "babur ɗin nan naka ya samu matsala". Kai da shi duk kun san yadda aka yi, amma harshe ya ba shi inuwar fakewa, kai kuma kunya ta hana ka tono. Kuɗin gyara ba shi ke ci maka rai ba.

Ba ina cewa salonmu ƙarya ba ne. Akwai imani a cikinsa, cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, akwai kuma kara. Na tuna kakata, Allah ya ji ƙanta, idan jika ya fasa mata tulu sai ta riga shi cewa "kwanansa ne ya ƙare", don kada yaron ya firgita. Wannan alheri ne babba, kuma na yi kewarsa a nan, inda kuskure kaɗan a wurin aiki kan iya kai mutum ga rubuta takardar ban haƙuri da suke kira shimatsusho, ya kwana yana juyi. Abin da na gano shi ne kalmar kakata a bakin mai tulu take da kyau. Idan wanda ya fasa ne ya riga faɗinta, ta zama wani abu dabam. Su kuma shimau ɗinsu a bakin wanda ya fasa take, mai kaya ya amsa da daijobu, ba komai.

Kwanakin baya wani ƙanenmu ɗan Maraɗi ya iso karatu, ya same ni da littafinsa a buɗe a wannan darasi, ya ja layi biyu yana haddace ma'ana ta ɗaya da ta biyu. Na rufe littafin na tambaye shi bambancin "na sha kunun" da "na shanye kunun". Ya yi shiru kaɗan, sai ya ce, "Yaya, ashe nonjatta shanyewa ce?" Na ce ita ce. Da ya samu aiki a wani kanti, abu ɗaya na ƙara masa: duk ranar da kwalba ta faɗi daga hannunsa, kada ya ce ta faɗi, ya ce otoshite shimaimashita, ni na yar da ita.