Filin da ke ƙara wa ƙafa sauri

(A wata fada a Sabon Gari, Damagaram. Buzu yana fifita gawayin shayi, Bagobiri ya ƙura wa salula ido.)

Bagobiri: Mushe, dubi ikon Allah! Wai wani Grant Fisher ya cinye mita 5,000 a minti 12 da daƙiƙa 44, kuma a cikin ɗaki. Wallahi an binne wani abu a filin nan.

Mushe: Filin Jami'ar Boston ne, a Amurka, Fabrairun 2025. Ya kawar da bajintar da Kenenisa Bekele na Habasha ya kafa tun 2004. Kuma gaskiyarka, akwai abu a ƙarƙashi.

Bagobiri: Ban faɗa ba! Laya ce ko ƙaho?

Mushe: Katako.

Buzu: Katako? Wanda ɗan Gobir yake karya mana kullum da zama?

Mushe: Shi fa. In ka taka sai ya ɗan lotsa, ya mayar maka da ƙarfinka. Ya cika tauri ya ci gwiwa, ya cika laushi ya shanye gudun. Tun 1977 masana biyu a Jami'ar Harvard, McMahon da Greene, suka auna tsakiyar, masu gudu suka samu ƙarin sauri kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari.

Bagobiri: Kashi uku kacal? Ni kare ya taɓa ƙara mini kashi ɗari.

Mushe: Sai kwana. Filin cikin ɗaki mita 200 ne, rabin na waje, kwanarsa a matse take. Shi ya sa ake ɗaga gefen waje, filin ya karkata. Ka ga yadda ɗan kabu-kabu yake kwantar da babur in zai sha kwana? To can ƙasar ce ke kwanta maka. Ga shi ba iska, ba ƙura, ba rana.

Buzu: Ba akuya.

Mushe: Ba akuya. Sannan ana sa musu zomo.

Bagobiri: Na ci ko na kallo?

Mushe: Mutum ne ake biya ya shiga gaba ya ja su da sauri, in ya gaji ya fice.

Bagobiri: A biya ka don ka kasa ƙarasawa? Mushe, rubuta sunana!

Mushe: Amma ni a ganina suna ya fi katakon aiki. A 2019 Yomif Kejelcha na Habasha ya yi mil guda a minti 3 da daƙiƙa 47 a wannan fili. Labari ya bazu, duk mai ƙafa ya nufi Boston, suna korar juna, lokaci yana ƙara kyau, sai a ce fili ne.

Bagobiri: To ni a kai ni can kawai, ku ji sunan Gobir a rediyo.

Buzu: Kafin rediyo, jika ukuna na shayi tun azumi.

Bagobiri: Kai, kamar kiran salla nake ji a Birni!

(Ya zabura, ya bar takalmi ɗaya.)

Mushe: Kai! Dubi yadda ya sha kwana, cikin rairayi kuma!

Buzu: Bar shi, zai dawo wa takalminsa. Kai kuma Mushe, jika ɗaya da rabi ne naka.

Mushe: (yana duba agogo, yana miƙewa) Riƙe maganar, Buzu. Gudu irin wannan bai kamata ya wuce ba a auna ba.